Jakar bahaya na neman cinye kuɗin cefane: ku da kuka riga mu, ya kuke yi?

Ɗan Auta (Runjin Sambo): Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. An yi wa mahaifinmu aiki, an cire masa ƙari a babban hanji, aka fito masa da bakin hanjin ta gefen cikinsa na hagu, abin nan da likitoci ke kira kolostomi. Aiki ya yi kyau, alhamdu lillahi, yana cin abinci, yana fita masallacin ƙofar gida. Matsalarmu jaka ce. Kwalin da muka ɗauka zai kai mu ƙarshen wata, ko rabin wata ba ya kaiwa. Wata ta ɓalle da kanta, wata ta yi yoyo cikin dare, wata kuma Baba da kansa zai ce a cire masa don zai yi salla. Mu huɗu ke haɗa kuɗin, kuma duk mun fara jin jiki. Akwai inda ake samun mai araha a nan Sakkwato, ko wata dabara da za mu yi a gida?

Direban Illela: Wa alaikumus salam. Allah shi ba Baba lahiya. Ƙanena, ni ma da jakar nike yawo tun da nis samu hatsarin mota. Ka samu irin wagga ta roba mai zobe da ɗamara, wadda ake wankewa a maida. Ko ko ka yi abin da mutanen ƙauye ka yi, ledar ƙanƙara da filasta. Kuɗɗin ba su da yawa ko kaɗan.

Anti Nas (Arkilla): Tsaya tukuna Malam Direba, kada mu fara daga leda. Ɗan Auta, ina da tambayoyi kafin kowa ya ba ka shawara. Yaushe aka yi aikin? Jakar da kuke saya mai buɗaɗɗen ƙasa ce da ake zubarwa a rufe, ko rufaffiya ce da sai dai a cire a yar? Wa ke yanka ramin jakar da bakin hanjin ke shiga, kuma da me yake aunawa? Sannan ka ɗaga rigar Baba ka duba fatar da ke kewaye da bakin hanjin, ka faɗa mini kalarta.

Ɗan Auta (Runjin Sambo): Anti, aikin ya kusa wata biyu. Rufaffiya muke saya, ita ce ta fi sauƙin kuɗi a kemis ɗin da muke zuwa. Ni nake yankawa, da kwalin awon da aka zana mana a asibiti ranar sallama. Fatar ta yi ja, wani wurin har ta saɓule tana ɗan tsattsafo da ruwa. Yayata ta ce mu riƙa shafa basilin, muna shafawa.

Anti Nas (Arkilla): To ai ga inda kuɗinku ke zurarewa, ba a kemis ba ne. Bari in bi su ɗaya bayan ɗaya, ka yi haƙuri da tsawon saƙon.

Kwalin da aka zana muku ranar sallama ya tashi aiki. Bakin hanji yana fitowa a kumbure bayan tiyata, sai ya riƙa saɓewa a hankali har sati 6 zuwa 8 kafin ya tsaya a girmansa. Kai kana nan kana yanka ramin ranar farko, shi kuwa ya ƙanƙance, saboda haka akwai zoben fata a buɗe da bahaya ke kwanciya a kai dare da rana. Shi ya cinye fatar. Fata kuma in ta saɓule tana ruwa, babu mannen da zai kama ta, ko na kamfanin da ya fi kowane tsada ne. Jaka ta ɓalle, ku sa wata, ita ma ta ɓalle, kowace cirewa tana ƙara ɗaye fatar. Haka za ku yi ta zagaye.

Ka sake aunawa yau. In babu takardar awo a cikin kwalin, ɗauki farar leda mai kauri ka ɗora a kai, ka zana da biro, ka yanke, ka gwada. Ramin ya fi bakin hanjin da milimita 2 zuwa 3 kawai, kada ya matse shi, kada kuma ya bar fili. In ba zagayayye ba ne, ka bi siffarsa yadda yake, kada ka tilasta masa da'ira. Ka shafa yatsa a bakin yankan don kada kaifi ya yanke shi, domin shi bakin hanji ba ya jin zafi, zai iya yankewa Baba bai sani ba sai an ga jini.

Basilin kuma ku ajiye shi. Duk wani abu mai maiƙo gaba yake da manne: basilin, man kaɗanya, man zaitun, sabulu mai mai, har da tsumman goge jarirai na leda, yawancinsu suna barin santsi. Ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun isa. A goge, a bari ta bushe ƙarau, ko da mafici ne a yi mata fifita.

Maman 'Yan Biyu (Mabera): Anti, ni fa basilin da man zinki aka ce in riƙa shafa wa yarona, kuma fatarsa lafiya lau. An haife shi babu dubura, aka fitar masa da hanji yana ɗan kwanaki. Ban taɓa sayen jaka ba, tsofaffin zannuwan atamfa na yayyanka, ina naɗa masa, in ya ɓata in canza in wanke. Yanzu kin sa ni cikin ruɗu.

Anti Nas (Arkilla): Babu ruɗu, ƙanwata, naki daban nasu daban. Ke ba ki manna komai, saboda haka man shi ne katangar da ke tsakanin fatar yaro da kashi, ki ci gaba da lafta shi da kauri. Iyaye da yawa a ƙasar nan da haka suka raini yaransu har aka mayar musu da hanji. Sharaɗin kawai ki canza da zarar ya ɓata, tsumman ya zama auduga mai laushi, a wanke a shanya a rana sosai. Su kuwa Ɗan Auta mannawa suke yi, mai da manne ba sa zama wuri ɗaya. Dattijo mai fita cikin mutane kuma ba za a ce ya yi yawo da tsumma ba.

Direban Illela: Wanga zance na Anti gaskiya na. Awa ka yi ma taya faci ba ka goge ta ba, kana hawa titi shina tashi. Amma Anti ba ki ce komi ba kan ledata.

Anti Nas (Arkilla): Zan ce. Ledar ƙanƙara da filasta na yarda da ita a dare ɗaya, in jaka ta ƙare kuma kemis a rufe. A mayar da ita abin kullum ne ban yarda ba. Filasta ba a yi ta don ta sha ruwan hanji ba, tana saki, kuma ciccire ta kullum yana tafiya da saman fata. Abin da ke sa jakar gaske tsada ba ledar ba ce, faifan nan ne mai launin ƙasa-ƙasa da ke manne wa ciki, shi ke tsotse gumi ya kare fata. Mai zobe da ɗamara kuma ba ta da wannan faifan, matsewa kawai take yi. Wanda bahayarsa ke fita da kauri, sau ɗaya ko biyu a rana, zai iya lallaɓawa da ita a cikin gida. Mai iliyostomi, wanda ƙaramin hanji aka fito masa da shi, kada ma ya gwada. Abin da ke fita daga can ruwa ne mai ɗauke da sinadaran narkar da abinci, a yini ɗaya sai ya ƙona fata. Na kuma taɓa ganin wanda ya sa gam ɗin gyaran takalmi. Don Allah kada wanda ya kai kansa nan.

Direban Illela: Ni tawa da kauri take hita, shi ya sa ban ga matsala ba. Amma ranar da za ni Illela ko Ƙonni ta gaske nike sawa, ba ni yarda in ji kunya cikin fasinja.

Mai Kemis: Salam. Bari in sa baki tunda mu ake zagi a gari. Wallahi ribar jakar nan ba ta kai yadda mutane ke zato ba. Kayan daga waje suke zuwa: Coloplast na Denmak, Hollister na Amurka, Convatec na Ingila, B. Braun na Jamus, sai masu sauƙin kuɗi daga Sin. Tun da aka saki naira a watan Yunin 2023 duk abin da ake shigowa da shi da dala ya tashi. Mu kuma daga Kano ko Legas muke sara, ga kuɗin mota. Kaya ne da ba kowa ke nema ba, sai kwali ya yi watanni a kanta, dole mai shago ya ɗora.

Ɗan Auta, kuskuren da masu saye ke yi shi ne tambayar nawa ce guda ɗaya. Ka tambayi kanka nawa take ci a kwana. Misali kawai nake bayarwa, ba farashi ba: rufaffiya naira 100, kana sa uku a rana, 300 ke nan kullum. Mai buɗaɗɗen ƙasa naira 400, amma ta yi kwana 4 a jiki, 100 ke nan a kwana. Wacce ce mai arahar? Araha dai ba ta ado.

Ɗan Auta (Runjin Sambo): Kwana 4 a jiki? Jaka ɗaya? Mu da ko yini ba ta yi.

Anti Nas (Arkilla): Ƙwarai kuwa. In fata lafiya take kuma an yanka daidai, kwana 3 zuwa 4 shi ne abin da aka saba, wasu har su haura. A zafin Sakkwato na Maris zuwa Mayu, da ake haura digiri 40, gumi zai rage kwanakin, wannan sai haƙuri. Amma kada a wuce sati, kuma da an ji ƙaiƙayi ko zafi a ƙarƙashin faifan a cire, alamar yoyo ya fara ta ciki ne. Kada a toshe gefen da filasta a ce an yi tattali, bahayar na nan kwance kan fata.

Ga ƙananan abubuwan da ke ƙara mata kwana. A canza da sassafe kafin ya karya, lokacin hanji ya yi shiru. In akwai gashi a wurin a rage shi da almakashi ko a aske a hankali. Kafin a manna, a sa faifan a hammata ko tsakanin tafin hannu ya ɗau ɗumi, bayan an manna a dafe shi da tafin hannu kamar minti ɗaya, Baba ya ɗan kwanta kada ya sunkuya nan take. A zubar in ta kai kashi ɗaya cikin uku, kada a jira ta cika, nauyi ne ke janye ta daga jiki. Wurin da fatar ta saɓule kuma, akwai hoda ta musamman ta bakin hanji, ba hodar jarirai ba. A barbaɗa kaɗan, a kaɗe ragowar, a ɗan dangwala da jiƙaƙƙen yatsa ta yi ɓawo, a bari ta bushe, sannan a manna. Kwalba ɗaya tana daɗewa ƙwarai. In bayan canji biyu ko uku ba ta fara warkewa ba, ko ka ga ƙananan ƙuraje ja masu ƙaiƙayi sun bazu, ku koma asibiti, mai yiwuwa ƙwayar cuta ce irin ta gumi, tana da nata maganin.

Ɗan Auta (Runjin Sambo): Na gode Anti, Allah ya saka. Amma ko na gyara duk wannan, akwai maganar salla. Baba ya ce ba zai tsaya gaban Ubangiji da najasa a rataye a cikinsa ba. In muka hana shi cirewa sai ya ƙi cin abinci tun safe don kada wani abu ya fito. Ya rame.

Malamin Islamiyya (Gidan Igwai): Assalamu alaikum. Ɗan Auta, wannan ɓangaren a bar mana. Ka gaishe da Baba, ka ce masa tsoron Allah ne ya sa shi haka, kuma Allah ya ba shi ladan niyyarsa, amma shari'a ba ta ɗora masa wannan ba. Malaman fiƙihu sun yi bayanin mai lalurar da abu ke fita masa ba da ikonsa ba, kamar mai yoyon fitsari. A mazhabarmu ta Malikiyya, in abin yana lazimtar mutum rabin lokaci ko fiye, fitarsa ba ta warware alwala, sai dai an so ya sabunta ta in babu wahala. Wasu mazhabobin suka ce ya yi alwala ga kowace salla bayan lokacinta ya shiga, abin da ya fito bayan nan ba ya cutar da shi. Najasar da kauce mata ke da wuya kuma an yi rangwame a kanta. Babu wanda ya wajabta masa ɓalle jaka sau biyar a yini. Ya zubar da abin da ke ciki in da hali, ya yi alwala, ya yi sallarsa. Hana kai abinci har jiki ya lalace shi ne abin da za a ji masa tsoro.

Shawarata kada kai ka faɗa masa, ɗa ba ya yi wa uba fatawa ya ji. Ka je wurin limamin da yake bi, ka yi masa bayani a keɓe, shi ya zo ya same shi.

Hajiya Inna (Tudun Wada): Malam ya gama magana. Ni wannan waswasin na yi fama da shi, har na daina zuwa Juma'a da taron suna. Shekaruna da yawa da jakar nan, tawa ta dindindin ce, kuma da ita na je Makka na dawo. Ɗana, ka ce wa Baba wata tsohuwa ta ce a gaishe shi, ta ce abin yana zama jiki.

Tunda tasa a hagu take, ku tambayi likitansa maganar wankin hanji. Ni shi ya sauƙaƙa mini. Akwai wata jakar ruwa mai tiyo da kan roba mai laushi kamar mazurari, ina rataye ta a ƙusa daidai kafaɗata, in sa ruwan ɗumi tsakanin rabin lita zuwa lita ɗaya ya shiga ta bakin hanjin a hankali, in zauna kamar awa ɗaya komai ya fito. Shi ke nan, sai gobe war haka, wani lokacin har jibi. Tsakanin nan 'yar ƙaramar jaka nake sawa, wata rana ma ba abin da ke shiga cikinta. Kayan wankin sau ɗaya ake saye su daɗe.

Wani Ɗalibi (Dundaye): Hajiya don Allah yi mini bayanin yadda ake yi. Ƙanena aka yi wa aiki, taifot ta huda masa hanji, jakarsa cika take yi kamar famfo. In wannan zai tsayar da shi yau zan gwada da tiyon ƙarin ruwa.

Anti Nas (Arkilla): A'a! Kada ka kuskura. Na ƙanenka iliyostomi ne, ba a yi masa wankin hanji ko kaɗan. Abin da Hajiya ke yi na masu kolostomi ne na ƙarshen babban hanji, ɓangaren hagu, kuma sai likita ya duba ya amince, an koya wa mutum a asibiti. Ba a yi wa yara, ba a yi wa wanda hanjin ya zazzago ko wurin ya yi ƙaba, ba a yi lokacin gudawa, kuma wanda ke karɓar maganin ciwon daji sai ya jira abin da likitansa ya ce. Tiyo mai tsini kuma zai iya huda hanji, shi ya sa aka yi kan nan mai laushi.

Kai abin da ya kamata ya dame ka ruwan jikin yaron ne. Babban hanji ne ke tsotse ruwa da gishiri, shi kuwa yanzu abinci ba ya bi ta can. A wannan garin namu mai iliyostomi zai iya bushewa cikin yini ɗaya. Ruwa zalla bai isa ba, ka ajiye masa ORS na leda, garin gishiri da sukarin nan da ake damawa a ruwa. In babu, lita ɗaya ta tafasasshen ruwa, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Lemon kwalba da zoɓo mai sukari da yawa ƙara gudun cikin suke yi. Shinkafa, tuwon shinkafa, ayaba, dankali, burodi, suna kaurara abin da ke fita, jaka ta fi daɗewa. Akwai maganin rage gudun hanji da likita kan rubuta, amma shi zai faɗi adadin, ba kemis ba. In fitsarinsa ya ragu ya yi duhu, ko jiri na ɗibarsa, asibiti. In ya kai awa 4 zuwa 6 ba abin da ya fito, ga murɗar ciki ga amai, toshewa ce, asibiti nan take. Gyaɗa, gasasshiyar masara, aya, kwakwa, rama da zogalen da ba a tsince ba su ne masu toshewa, sai an tauna sosai ko a bari tukuna. Maganar azumi kuma in lokacin ya zo, likita za a fara tambaya.

Wani Ɗalibi (Dundaye): Subhanallahi. Jiya ma aya ya ci. Na gode Anti.

Hajiya Inna (Tudun Wada): Ku yafe ni, da na faɗi sharaɗin tun farko. Likita ne ya ba ni izini, nas ta koya mini.

Direban Illela: To ni ma ga tawa gudummuwa. Albasa. Mu Sakkwatawa ba mu cin komi babu albasa, ita ko iska take sawa. Ita da wake da ƙwai da kabeji da lemun kwalba. Jaka ta kumbura cikin dare, ka juya bisanta, ta ɓalle. Tun da nir rage ɗanyar albasa ga tsire da ƙosan dare, ban sake tashi cikin ɓarna ba. Nono ko shina rage wari, hura da nono ba ta taɓa ba ni matsala ba. Kuma kada ka huda jaka da allura don iska shi hita, wari za ya bi ka ko'ina, ka buɗe ƙasanta cikin makewayi ka saki iskan.

Mai Kemis: Wani abin da ke lalata kaya tun kafin a sa su: ajiya. Mutum zai sayi kwali ya bar shi a but ɗin mota, ko kan sif a ɗakin kwano. Faifan nan zafi na narkar da shi, in ka ɓare takardar ka ga ya yi danƙo ko ya bushe ya tsage, ya mutu. Ku sa a roba mai murfi ku ajiye a ƙasa, a ɗakin da ya fi sanyi, irin kusa da randa amma ba inda ruwa zai taɓa ba. In za ku saya ku duba kwanan watan lalacewa, ku ce a buɗe kwalin ku taɓa ɗaya. Wanda aka shanya a rana a bakin kasuwa, ko kyauta ne ku bar shi.

Sannan akwai mai haɗi biyu, faifai daban jaka daban, suna haɗuwa da zobe. Faifan ya zauna kwanakinsa a jiki, jakar kawai ake ɓallewa. Wasu suna sayen jaka biyu su riƙa musanyawa, a ɗauraye ɗaya a shanya a inuwa. Kamfani dai bai ce a yi haka ba, kuma in ta fara riƙe wari ko zoben ya saki sai a yar. Wasu masu kolostomi kuma suna zura siririyar leda a ciki su naɗo bakinta kan zoben, in ta ɓaci a zare ledar kawai. Amma ku kula, zoben kamfani ɗaya ba ya shiga na wani. Na Convatec za ka ga 45, 57, 70, na Coloplast 40, 50, 60. Kullum sai an dawo mini da kaya saboda wannan. Ka ɗauki hoton kwalin da lambar da ke jiki kafin ka aiki yaro.

Maman 'Yan Biyu (Mabera): Mai Kemis, tunda ka ce daga Kano kuke sara, me zai hana mu haɗa kuɗi mu saro da kanmu? Ko ka ji tsoron kasuwarka?

Mai Kemis: Hajiya ba na jin tsoro, ni ma hutu ne gare ni. In kun kai mutum biyar ko shida masu amfani da iri ɗaya, ku yi adashe ku sayi katan, zai fi sauƙi nesa ba kusa ba. 'Yan sarin magani na Kano yanzu suna Dangwauro, an tashe su daga Sabon Gari a 2024. Sai dai a samu wanda ya san kayan ya je, kada a turo muku jakar fitsari a ce ta bahaya ce. Kuma sabon aiki kada ya shiga sarin katan sai bakin hanjinsa ya tsaya, kuma ya gwada irin ya ga fatarsa ta karɓa. Na ga wanda ya tara kwalaye, daga baya aka ce cikinsa mai lotsawa ne sai faifai mai tudu.

Malamin Islamiyya (Gidan Igwai): Akwai kuma Hukumar Zakka da Waƙafi ta jiha, tana taimaka wa marasa lafiya masu ƙaramin ƙarfi. A samu takardar likita da ke nuna lalurar da abin da ake buƙata a wata, a rubuta a kai. Manyan asibitoci irin Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo suna da sashen jin daɗin marasa lafiya, nan ma a leƙa. Ba roƙo ba ne, wanda lalura ta ci ƙarfinsa yana da haƙƙi a dukiyar zakka.

Hajiya Inna (Tudun Wada): Ni abin da ke ci mini rai, gidaje nawa ne ke da ragowar kwalaye a ƙarƙashin gado? An mayar wa mutum da hanji, ko Allah ya karɓi abinsa, iyali su rasa yadda za su yi da su, kunya ta hana su faɗa, har zafi ya lalata su. Wata maƙwabciyarmu ƙonawa ta yi wai kada a gani. Da an kawo nan an ce ga su, da wani ya samu na wata guda.

Anti Nas (Arkilla): Wannan ya tuna mini. Ɗalibi da Maman 'Yan Biyu, naku na wucin gadi ne, kada ku yi wasa da ranar asibiti. Na taifot galibi bayan wasu watanni ake mayarwa in yaro ya yi ƙarfi ya ciko. Mutane suna kashe kuɗin aikin a sayen jaka kaɗan-kaɗan, shekara ta zagayo ba a mayar ba. Ku tambayi kuɗin aikin tun yanzu, ku fara ware wani abu. Ɗan Auta, kai ma ka tambayi likitan Baba kai tsaye ko tasa ta dindindin ce, don lissafin ya bambanta. Kuma kowa ya riƙe wannan: bakin hanji mai lafiya ja ne jajir mai damshi, irin cikin kumatu. Ɗan jini wurin gogewa ba komai ba ne. In ya koma baƙi ko shuɗi-shuɗi, ko jini ya ƙi tsayawa, ba maganar zaure ba ce, a ɗauki mutum a tafi.

Ɗan Auta (Runjin Sambo): Na auna yanzu da leda kamar yadda Anti ta ce. Ramin da nake yankawa ya fi shi da kusan faɗin ɗan yatsa ta kowane gefe. Na wanke basilin ɗin, na bar wurin ya sha iska, Baba na kwance ina masa fifita yana ta faɗa wai na mayar da shi jariri. Gobe zan nemo mai buɗaɗɗen ƙasa da hodar, bayan Isha kuma zan ga liman. Mai Kemis, in za a yi adashen a sa ni, amma sai na gwada guda biyu ko uku na ga wadda ta zauna masa.

Maman 'Yan Biyu (Mabera): Ni zan riƙe lissafin. Duk mai so ya turo mini a keɓe: iri, lambar zobe, da guda nawa yake sawa a wata. Masu ragowar kaya a gida su ma su yi magana, ba sai an faɗi sunan kowa ba.

Direban Illela: Ku sa ni mutum na farko. In katan ɗin ya iso tasha ni ka ɗauko shi, ba ni karɓar ko sisi. Amma gaba za ni aza shi, ba but ba, kada Mai Kemis shi cinye ni.